Rigar Kariyar Gwamnati: Mai Bin Bashi Ya Samu Ƙofa, Mai Neman Diyyar Rai Yana Waje

A watan Agustan 2024 wata kotu a birnin Faris ta ba da umarnin a tsare jirage uku na fadar shugaban Najeriya da ke Turai a lokacin. Mai ƙarar wani kamfanin ƙasar Sin ne mai suna Zhongshan, wanda suka saɓa da gwamnatin jihar Ogun a kan wani yankin masana'antu da aka ba shi ya gudanar, daga baya aka raba shi da wurin a 2016. Kamfanin ya kai kukansa gaban kwamitin sasanci a Landan, a 2021 aka yanke cewa Najeriya ta biya shi wajen dala miliyan 70. Da kuɗi suka ƙi fitowa, sai ya shiga farautar dukiyar Najeriya duk inda ya ji ƙamshinta. Abin da ya ɗaure wa jama'a kai shi ne, yaya za a yi alƙalin wata ƙasa ya sa hannu a kan kayan ƙasa mai cin gashin kanta? Ba cewa ake yi gwamnati tana da kariya ba?

Tana da ita. Sai dai abin da muke tarawa mu kira kariya abubuwa ne daban-daban. Wadda aka fi sani a Najeriya ita ce ta sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999, wadda ta hana a gurfanar da shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu muddin suna kan kujera. Wannan ta mutum ce, ranar da ya sauka ake tuɓe masa ita, kuma ba ta hana a kai gwamnatin da yake shugabanta ƙara. Kariyar da muke magana a kai ta gwamnatin ce ita kanta, kuma tambayoyi uku ne ke ƙarƙashinta. Ɗan ƙasa zai iya maka gwamnatinsa a kotun ƙasarsa? Za a iya kai gwamnati gaban kotun wata ƙasa? In an kai ta an yi nasara, za a iya taɓa dukiyarta? Kowace tambaya da tarihinta, kuma amsar ta uku ce ke nuna ko ta farko da ta biyu suna da amfani.

Ta farkon daga Ingila muka gaje ta. A tsohuwar dokarsu sarki ba ya laifi, kotuna nasa ne, da sunansa ake yanke hukunci, don haka babu yadda za a yi a kira shi gaban kotun da shi ya kafa. Wanda ke bin gwamnati kuɗin kwangila sai ya rubuta takardar roƙo, a ba shi izini tukuna ya shiga kotu. Wanda kuwa ma'aikatan sarki suka yi wa ɓarna ko rauni, ba shi da hanyar kama gwamnati sam, sai dai ya bi ma'aikacin da ya yi masa, in ya san shi. Ga wanda ya tashi yana jin malamai suna kawo kissar Sayyidina Aliyu, yana halifa, ya tsaya gaban alƙali Shuraihu a kan sulke har aka yanke hukunci ba a ba shi gaskiya ba don shaidunsa ba su cika ba, wannan tunani baƙo ne. Su kansu Turawan sun gaji da shi. Amurka ta yi dokar da ta ba da damar neman diyya daga gwamnatin tarayya a 1946, shekara guda bayan wani jirgin soja ya afka wa dogon benen Empire State a New York ya kashe mutum 14. Birtaniya ta bi sahu a 1947.

Mu kuwa muka riƙe tsohuwar har bayan samun 'yancin kai. Ranar 18 ga Fabrairun 1977 sojoji masu yawan gaske suka dira gidan Fela Anikulapo Kuti a Legas, suka lakaɗa wa mutanen gidan duka, suka cinna wa gidan wuta. Mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta yi suna a gwagwarmayar mata, aka jefo ta ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Binciken gwamnati ya ce sojojin da ba a san ko su waye ba ne suka yi aikin. Iyalin suka nemi diyyar naira miliyan 25, shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, a 1985 kotun ta ce a lokacin da abin ya faru dokar da ke aiki ba ta yarda a kama gwamnati da laifin ɓarnar ma'aikatanta ba. Ka ga tarkon: ba a san sojan ba balle a bi shi, gwamnatin da ta san shi kuma ba ta kamuwa. Amma a cikin wannan hukunci kotun ta nuna cewa kundin 1979 ya rufe wannan babi, domin sashe na 6 ya ba kotuna hurumin sauraron duk wata rigima tsakanin gwamnati da kowane mutum. Kundin 1999 ya maimaita haka. A takarda dai, yau kowa na iya maka Gwamnatin Tarayya a kotu.

Tambaya ta biyu tushenta daban. A nan hujjar ita ce ƙasashe tsaran juna ne, tsara kuwa ba ya zama alƙalin tsaransa. A 1811 wasu Amurkawa biyu suka ga jirgin ruwansu da Faransa ta ƙwace ta mayar na yaƙi ya shigo tashar Philadelphia, suka garzaya kotu a mayar musu da abinsu. A 1812 Kotun Ƙolin Amurka, ƙarƙashin John Marshall, ta ce ba ta da hurumi a kan jirgin yaƙin ƙasar da ake zaman lafiya da ita. Fiye da shekara ɗari ƙasashe da dama suna kan wannan: gwamnatin waje ba ta taɓuwa, ko mece ce rigimar. Abin ya yi daidai da zamanin da aikin gwamnati bai wuce yaƙi da haraji da aika jakadu ba. Da gwamnatoci suka fara mallakar jiragen dakon kaya da kamfanonin mai da bankuna, suna saye da sayarwa kamar kowa, sai 'yan kasuwa suka fara ƙorafi: in an ci riba gwamnati 'yar kasuwa ce, in an zo biyan bashi ta koma sarauniya.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, simintin Najeriya na cikin abubuwan da suka karya wannan tsohuwar ƙa'ida. A 1975, kuɗin mai na shigowa kamar ruwan sama, gwamnatin Janar Gowon ta sa hannu a kwangiloli 109 da kamfanoni 68 don sayen siminti fiye da tan miliyan 16, kuɗinsa ya doshi dala biliyan ɗaya, mafi yawansa da sunan ma'aikatar tsaro. Tashar Apapa ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Kafin a ankara jirage sama da 400 sun yi cirko-cirko a bakin tekun Legas, kowanne ana lissafa masa kuɗin jira na dubban daloli a kullum, simintin wasu na daskarewa a cikin jirgi saboda laima, abinci da magani da sauran kayan masarufi sun rasa hanyar shigowa. Da Janar Murtala ya karɓi mulki a ƙarshen Yulin shekarar, gwamnatinsa ta dakatar da shigowar jiragen, Babban Bankin Najeriya kuma ya ƙi biyan takardun lamunin da ya bayar.

Wani kamfanin Suwizalan, Trendtex, ya kai Babban Bankin ƙara a Landan. Lauyoyin Najeriya suka ce bankin wani sashe ne na gwamnati, simintin kuma na gina barikin soja ne, don haka kotun Ingila ba ta da ta cewa. Alƙalin farko ya yarda da su. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a Janairun 1977, inda alƙali Denning ya kafa hujjar da har yau ake karantar da ita: in ma'aikatar gwamnati ta shiga kasuwannin duniya ta sayi takalmin soja ko siminti, to dokar kasuwa ta hau kanta, mai sayarwa ba ruwansa da abin da za a yi da kayan. Abin dubawa shi ne irin aikin da aka yi. Saye da sayarwa da cin bashi kowa na iya yi, don haka babu kariya a cikinsu. Kafa doka da tura soja da korar baƙo daga ƙasa kuwa sai mai mulki, kariyarsu na nan. Amurka ta riga ta sa wannan a dokarta ta 1976, Birtaniya ta yi tata a 1978, kuma ƙararrakin simintin nan na cikin gwaje-gwajen farko na dokar Amurkan, har ɗaya daga cikinsu, ta wani kamfanin Holan mai suna Verlinden, ta kai Kotun Ƙoli a 1983. Ƙasar Sin, wadda ta daɗe tana cewa gwamnati ba ta taɓuwa ko a harkar ciniki, ita ma ta sauya da dokar da ta fara aiki a farkon 2024.

Wanda ya san wannan tarihi ba zai razana da hayaniyar da aka yi a 2020 ba, lokacin da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya tono wani sashe a yarjejeniyar rance da bankin Exim na Sin, aka yi ta yayata cewa an jinginar da 'yancin Najeriya. Abin da sashen ya ce shi ne, in rigima ta taso aka je sasanci, Najeriya ba za ta fake da kariya ba, ita da dukiyarta, ban da kayan soja da na ofisoshin jakadanci. Kusan duk ƙasar da ke cin bashi a kasuwar duniya tana sa hannu a irin wannan, domin babu mai ba da kuɗinsa ga wanda ba za a iya kai wa ƙara ba. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne me aka ciyo bashin a yi, da wane sharaɗi, kuma wa ya karanta takardar kafin a sa hannu. Shari'ar kamfanin P&ID ta isa darasi: kwangilar gas ta 2010 da ba a aza ko tubali ɗaya ba ta haifar da hukuncin dala biliyan 6.6 a 2017, da kuɗin ruwa ya haura biliyan 11. Abin da ya ceci Najeriya a Oktoban 2023 shi ne hujjar da ta gamsar da kotun Landan cewa da cin hanci aka samu kwangilar kuma da maguɗi aka ci sasancin. Kariya ba ta yi mata rana ba a nan.

Duk da haka, samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Ginin ofishin jakadanci da asusunsa, kayan yaƙi, da ajiyar babban banki a yawancin ƙasashe suna da tasu kariyar, mai ƙarfi fiye da wadda ke hana kai ƙara. A Oktoban 2012 wani kamfanin Amurka mai sayen basussukan ƙasashen da suka gaza biya, NML Capital, ya sa wata kotu a Accra ta tsare jirgin horar da sojojin ruwan Ajantina mai suna Libertad a tashar Tema. Jirgin ya shafe sama da wata biyu a ɗaure, har aka kwashe yawancin ɗaliban da ke cikinsa aka mayar da su gida ta sama. A tsakiyar Disamba kotun dokokin teku ta duniya da ke Hamburg ta umarci Ghana ta sake shi, domin jirgin yaƙi ne ko da bashi ya yi wa mai shi katutu. Shi ya sa masu bin gwamnatoci bashi ke ɗaukar ƙwararrun masu bin diddigin kadara, suna neman gidan haya ko hannun jari ko kuɗin cinikin mai, abin da za a iya cewa na kasuwanci ne. Aiki ne mai cin kuɗi da shekaru, sai mai dogon aljihu.

To, mutumin da ba kwangila ce tsakaninsa da gwamnatin wata ƙasa ba, jini ne fa? A nan ne ƙa'idar ke nuna fuskarta marar daɗin kallo. Luigi Ferrini ɗan Italiya ne da sojojin Jamus suka kama a 1944 suka kai shi aikin bauta a masana'antar yaƙi. A 2004 babbar kotun Italiya ta ce yana iya kai Jamus ƙara a gida, domin laifin yaƙi bai cancanci kariya ba. Dangin mutum sama da 200 da aka kashe a ƙauyen Distomo na Girka a Yunin 1944 su ma suka kawo nasu hukuncin Italiya, aka sa alamar jingina a kan wani gida mallakar Jamus a gefen tafkin Como. Jamus ta kai Italiya Kotun Duniya da ke Hague. Ranar 3 ga Fabrairun 2012 kotun ta ba Jamus gaskiya da ƙuri'a 12 da 3. Ba ta musanta cewa an yi ta'asa ba, Jamus ma ba ta musanta ba. Cewa ta yi kariya magana ce ta wace kotu ke da hurumi, ana yanke ta tun kafin a duba girman laifi, kuma aikin soja a fagen yaƙi aikin mulki ne tsantsa. Cikin alƙalai ukun da suka ƙi akwai Abdulqawi Yusuf ɗan Somaliya, wanda ya ga bai dace a rufe ƙofa ga mutanen da ba su da wata hanyar samun haƙƙinsu ba.

Haka ta faru da jikokin Herero da Nama na Namibiya, waɗanda Jamus ta yi wa kisan ƙare dangi tsakanin 1904 da 1908. Sun shigar da ƙara a New York a 2017, aka kore ta a 2019 saboda kariya. Tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya sun fi su sa'a don sun bi ta wata hanya: sun kai Birtaniya ƙara a kotun Birtaniya, inda maganar kariyar ƙasar waje ba ta taso ba, a 2013 aka sasanta a kan fam miliyan 19.9 ga mutum 5,228. Wato wanda aka zalunta sai ya je gidan wanda ya zalunce shi ya roƙi alƙalin gidan. Sakamakon dokar a dunƙule shi ne, gwamnatin da ta ƙi biyan kuɗin siminti ana iya jan ta zuwa Landan, wadda ta ƙona gari da mutanensa ba a iya jan ta ko'ina.

Da sauƙi mutum ya ce a soke kariyar kowa ya huta. Ni ban ga haka ba, kuma dalilina ba tausayin gwamnatoci ba ne. Kotunan da hukuncinsu ke da haƙora su ne na biranen da dukiyar duniya ke kwana, New York da Landan da Faris. In aka buɗe ƙofa gaba ɗaya, ƙasashen Afirka da Asiya ne za su yi ta sintiri a can, alhali hukuncin da wata kotu a Kano ko Yamai za ta yanke wa Amurka ba zai wuce takarda ba. Mun ma ga samfurin haka. Tun 1996 Amurka ta cire kariya ga ƙasashen da ita da kanta ta sa a jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci, kuma ta wannan hanya Sudan ta biya dala miliyan 335 a yarjejeniyar 2020 kan harin ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam na 1998 da wasu hare-haren, kafin a cire sunanta. A 2016 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ba iyalan waɗanda suka mutu a harin 11 ga Satumba damar kai Saudiyya ƙara. Obama ya hau kujerar na ƙi, yana gargaɗin cewa wasu ƙasashe za su rama a kan sojojin Amurka, majalisar dattawa ta take ƙin nasa da ƙuri'a 97 da 1. Mai ƙarfi ne ke zaɓen wanda za a tuɓe wa riga. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2004 da aka so ta daidaita kowa kuwa tana buƙatar amincewar ƙasashe 30 kafin ta fara aiki, an kwashe shekaru ana jiran su cika.

Tun da ƙofar waje a rufe take ga mai neman diyyar rai, nauyin duka ya koma kan kotun gida, kuma a nan ne Najeriya ke da abin dubawa. An soke kariyar a kundin tsarin mulki, amma ta bar 'ya'yanta a cikin ƙananan dokoki. Akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce a shigar da ƙara cikin wata uku da faruwar abu, in ba haka ba ta mutu, ko da yake ba ta shafi kwangila da ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam ba. Wata uku ga mutumin ƙauye da ke jinyar rauni, bai ma san inda ofishin lauya yake ba. Akwai hukumomin da dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara, kuskure kaɗan a takardar ya isa a kori shari'a. Babbar cikinsu ita ce sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu, gadon zamanin mulkin mallaka, wanda ya ce kafin a cire kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati don biyan wanda ya yi nasara, sai an samu amincewar Antoni Janar. Wato lauyan wanda aka kayar shi ne zai ba da izinin a karɓi kuɗin. Kotun Ƙoli ta rage wa sashen kaifi a shari'ar Interstella a 2017, amma har yanzu lauyoyin gwamnati na ɗaga shi, kotuna kuma na sassaɓawa a kansa.

Mutanen Odi a jihar Bayelsa sun ɗanɗana wannan. A Nuwamban 1999, bayan kashe 'yan sanda 12 a yankin, sojoji suka shiga garin suka baje shi. Sai a Fabrairun 2013 Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta yanke musu diyyar naira biliyan 37.6, abin da ya fito daga baya ta hanyar sulhu biliyan 15 ne. Su ma masu sa'a ne, don sun ga wani abu.

Saura kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda ke karɓar ƙarar mutum ɗaya a kan gwamnatinsa ba tare da sai ya gama zagaye kotunan gida ba. Ita ce a 2008 ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, ta yanke mata diyyar sefa miliyan 10, aka kuma biya. Ita ce a Oktoban 2016 ta umarci Najeriya ta saki Kanar Sambo Dasuki, bai fito ba sai Disambar 2019. Kotun ba ta da ɗan sanda ko ma'aikacin da zai je ya ƙwace kadara, sai abin da gwamnati ta ga dama ta bi. Ga mutanen Nijar da Mali da Burkina Faso ma, ficewar ƙasashensu daga ƙungiyar a Janairun 2025 ta ɗauke musu wannan hanya, duk wanda gwamnatinsa ta taka yanzu a Maraɗi ko Damagaram ba shi da inda zai kai ƙara a yankin sai kotun da ke ƙarƙashin gwamnatin da yake ƙara.